Taswirar Itatuwan Magani: Me Za a Rubuta a Gefen Ɗigo, Kuma Wa Zai Riƙe Ta?

An gabatar da wannan lacca a Kaduna, gaban masu maganin gargajiya, ma'aikatan gandun daji da ɗalibai. Daga faifan murya aka rubuto ta, an rage maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu masu magani, malamai, ma'aikatan gandun daji, da ƙannenmu ɗalibai da ke can baya, barkanmu da war haka.

Mu fara daga kasuwa, don a can ciwon daji yake fara nunawa. Ku tsaya gaban shimfiɗar mai magani a Kasuwar Barci ko kasuwar Kawo, ku ɗauki damin saiwar sanya ku dubi kaurinta. Ku ɗauki sassaƙen maɗaci ku juya shi. Sassaƙe mai kauri daga tsohuwar bishiya yake, wanda ya yi kamar kwali kuwa matashiya aka fere. Idan kaya suka fara sirancewa, mai kawowa kuma ya fara kukan kuɗin mota saboda ya ƙara nisa, to dajin kusa ya gaji. Kasuwa tana faɗin akwai matsala, amma ba ta faɗin a ina. Wannan aikin taswira ne.

Sai dai abin da aka saba kira taswirar tsirran magani ba ya wuce hoton jiha da aka yayyafa wa ɗige-ɗige: nan akwai maɗaci, nan akwai hano. A ganina irin wannan ba ta ceci bishiya ko ɗaya ba. Ɗigo ɗaya yana iya zama kurmi mai uwaye arba'in da 'ya'yansu, yana kuma iya zama tsohuwa guda da aka zagaye da gatari tana jiran faɗuwa. Duka biyun girmansu ɗaya a takarda. Abin da aka rubuta a gefen ɗigon shi ne taswirar.

Jihar nan ba daji ɗaya ba ce. Ruwan sama a wajen Zariya bai fi kusan milimita 1,000 a shekara ba, a wajen Kagoro kuwa ya haura 1,500. Shi ya sa sabara da bagaruwa suka fi yawa can arewa, kurmi mai duhu kuma sai an gangara Kagoro da Nindam. A tsakiya dajin itacen doka ne, da baushe da taura da kaɗanya, irin na Kamuku a Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1999. A cikin daji ɗaya ma kowace bishiya da mazauninta. Hano yana son dutse. Tafashiya da malmo suna bin rafi da fadama. Kalgo yana mamaye saura. Saboda haka kafin a fita, a raba yankin bisa irin ƙasarsa: dutse, tudu, bakin rafi, fadama, gona, saura. Wanda bai yi wannan rabon ba zai ƙare a inda tafiya ta fi sauƙi.

Sai suna, kuma a nan ake fara ɓata. Tun 1916 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya haɗa su da na kimiyya, amma har yau rikicin bai ƙare ba. Sanya ita ce uwar magunguna, suna biyu bishiya ɗaya. Baushe suna ɗaya ne da ya rufe nau'i fiye da ɗaya. Kalgo iri biyu ne, na arewa mai ƙaramin ganye mai santsi da na kudu mai faɗin ganye. Hano wasu na ce masa ararraɓi, alhali akwai wata bishiyar daban da ake kafawa a shinge, ita ma ararraɓi ake ce mata. Kauci kuwa sai an faɗi bishiyar da ya hau, don mai magani ba ya ɗaukar kaucin ɗorawa daidai da kaucin kaɗanya. Ga shi kuma a jihar nan akwai Gbagyi da Adara da Bajju da Atyap da Ham da Fulani, kowa da sunan da yake kira. A rubuta suna yadda mai wurin ya faɗe shi, da yarensa, kada a gyara masa.

Abin da ke raba gardama shi ne samfur. A yanko reshe mai tsawon kamar santimita 30, da ganye, da fure ko 'ya'ya idan akwai. Kwafi uku. A shimfiɗa kowanne cikin tsohuwar jarida, a juya ganye ɗaya ko biyu don a ga bayansu, a sa kwali tsakani, a matse da katako biyu a ɗaure tamau. A kwanakin farko kullum sai an canja jarida. Idan aka yi sakaci a watan Agusta, kwana biyu ya isa samfur ya yi funfuna ya baƙe. Kada a bar shi ya kwana a leda. Lambar da ke kan samfur ita ce lambar da ke littafi, ita ce ta hoto, ita ce ta ɗigo. Daga nan a kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a tantance. Saiwa ko sassaƙen kasuwa kaɗai ba ya wadatar da mai tantancewa. Sanya dai ana gane saiwarta da ƙamshin man zafi da take yi, amma ba kowace saiwa ke da irin wannan shaida ba.

Na tsallake abu ɗaya da ya kamata ya zo kafin duk wannan, wato izini. Ba a shiga dajin mutane sai an gaida mai unguwa da dagaci, an zauna da masu magani, da mafarauta, da makiyaya, da ungozomomi. Kowa da dajin da ya sani. Mafarauci ya san lungun dutse, makiyayi ya san inda kawo da madobiya suke don yana sassabe wa shanu ganyensu da rani, ungozoma ta san ƙananan ganyayen bayan gari da maza ke takawa su wuce. A zana taswirar farko a ƙasa, da sanda da tsakuwa: ga rafi, ga dutse, ga makabarta, ga burtali. A tambayi abu uku: ina ake samu yanzu, ina ake samu da can amma yanzu babu, kuma tafiyar awa nawa ce. Tambaya ta biyun ta fi tsada, domin babu na'urar da za ta nuna inda bishiya ta taɓa tsayawa. Wani lokacin sunan wuri ne kaɗai ya rage, kamar yadda muke da Unguwar Rimi a nan cikin gari.

Yanzu na'urar da ke nuna wurin da mutum yake tsaye, wato GPS. Wayar hannu ta isa. A fili tana kuskure da mita 3 zuwa 5, ƙarƙashin kurmi ko jikin dutse kuma ya fi haka. A tsaya a gindin bishiya minti ɗaya ko biyu har lambar kuskuren ta sauko ta tsaya, sannan a ɗauka, a kuma rubuta kuskuren. Lambobi biyu take bayarwa, lambar arewa da lambar gabas. Kaduna tana wajen 10.5 arewa, 7.4 gabas. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, don haka a rubuta lambobi biyar bayan ɗigo, wanda ya kai ga kusan mita ɗaya.

Kurakurai uku ne ke lalata aiki, kuma kullum su ne. Na farko, a musanya lambobin biyu. Idan aka sa 7.4 a arewa, 10.5 a gabas, maɗacin Kaduna ya koma Taraba. Na biyu, a haɗa digiri da minti da tsarin ɗigo. Digiri 10 da minti 30 daidai yake da 10.5, ba 10.30 ba. Wanda ya kwafa 10.30 ya kauce da kilomita 22, ya bar bishiyar a wata ƙaramar hukuma. Na uku, tsofaffin taswirorin ƙasar nan an yi su ne bisa ma'aunin Minna, waya kuwa tana aiki da wani ma'aunin, na duniya, mai suna WGS84. Idan aka ɗora ɗaya kan ɗaya ba a daidaita ba, za a sami tazarar gomman mitoci, wadda ta isa ta jefa bishiyar cikin gandu zuwa gonar wani. Kun san abin da ke biyo bayan haka.

To me ake rubutawa a gefen ɗigon? A nan zan daɗe.

Ana auna fili mai mita 20 a faɗi, 50 a tsawo. Murabba'in mita 1,000 ke nan, kashi ɗaya cikin goma na hekta. Igiya da turaku huɗu sun isa. Don kusurwa ta miƙe, a auna mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakaninsu ya zama 5. Kada a zaɓi wurin fili da ido, domin ido yana son inuwa da manyan itatuwa. A ja layi daga bakin gari zuwa cikin daji, a kafa fili a rabin kilomita, da kilomita 1, da 2, da 4, duk abin da aka tarar a wurin shi ke nan. Wannan jeri ne zai nuna iya inda hannun mutane ya kai.

A cikin filin, kowace bishiyar magani a auna kewayenta da tef ɗin tela a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wajen ƙirjin babban mutum. A raba da 3.14 a sami kauri. Kewayen santimita 94 kaurin 30 ke nan. A sassaƙa sanda mai tsawon 1.3 a riƙa jinginawa, don kada dogo da gajere su kawo awo daban. Idan ta rabu biyu ƙasa da wannan tsayin, a auna kowane reshe. Bishiya shida a fili ɗaya na nufin 60 a hekta. Ga waɗanda suka yi ƙaranci kamar sanya, ƙaramin fili ba ya kama su. Sai a bi layi mai tsawon kilomita 1, ana duba mita 10 dama, 10 hagu, hekta 2 ke nan.

Sannan a ƙirga 'ya'ya. A kusurwa biyu na filin a ware mita 5 sau 5, a durƙusa a ƙirga duk abin da bai kai ƙirji ba. A bambanta tsiron iri da toho. Taura da gwandar daji suna toho daga saiwa ko kututture, sai ka ga wuri ya cika da kore ka ɗauka daji na haihuwa, alhali tsohuwar saiwa ce ke ta fama da gobara kowace shekara. A ɗan tone gindin da yatsa: toho yana manne da tsohon ice mai kauri. Daji mai lafiya ƙanana sun fi yawa, matsakaita na biye, manya kaɗan. Idan aka ga manya zalla, kamar yadda kaɗanya da ɗorawa suke a gonakin da ake nomewa kowace shekara, to garin tsofaffi ne da babu yara. Taswirar ɗigo za ta nuna shi cike har ranar da ta ƙarshe ta faɗi.

Sai rauni. A ba kowace bishiya maki: sifili idan ba a taɓa ta ba, 1 idan abin da aka fere bai kai rubu'in kewayenta ba, 2 idan yana tsakanin rubu'i da rabi, 3 idan ya wuce rabi, 4 idan an zagaye ta. Dalilin auna kewaye maimakon tsawon rauni shi ne, abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake gangarawa zuwa saiwa. Ruwa kuwa ta cikin icen yake hawa. Shi ya sa bishiyar da aka zagaye takan ci gaba da ganye har wani lokaci, mai fere ya ce ai ba ta mutu ba, alhali saiwa ce ke mutuwa da yunwa a ƙasa. Dogon tsagi siriri a gefe ɗaya ya fi gajeren da ya zagaye sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma itatuwa ba su zama ɗaya ba wajen warkewa. Binciken da aka yi a Jamhuriyar Benin ya nuna maɗaci yana mayar da ɓawonsa da kyau, kawo kuwa da ƙyar. Ga masu saiwa, a ƙirga ramuka, a rubuta ko an mayar da ƙasa, ko an bar uwar saiwar. A rubuta sassaben makiyaya daban, da kututturen gawayi daban, da na injin katako daban. Wannan adalci ne ga iyayenmu masu magani. Sau da yawa ana ɗora musu laifin ƙarewar ƙirya, alhali buhunan gawayi ne suka tafi da ita.

A kuma rubuta ko shuka ce ko ta daji. Maɗacin bakin titi da aka fere har iya inda hannu ke kaiwa yana da amfani a lissafin rauni, amma ba ya nuna inda maɗaci ke fitowa da kansa.

Fita ɗaya ba ta isa. Ƙananan ganyaye sai da damina, daga Yuli zuwa Satumba. Madobiya kuwa da rani take fure, rawaya shar, lokacin da ba ta da ganye. Ita ma shukar da ake kira rawaya, wadda ake tonon saiwarta don ciwon shawara, akwai irin da furenta ke fitowa dab da ƙasa bayan gobarar daji. Wanda ya je da damina kaɗai ya rasa waɗannan, wanda ya je da rani kaɗai ya rasa waɗancan.

Batun kwamfuta ba zan ja shi ba. A tsara fom a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, a zuba bayanan a manhajar taswira ta QGIS, duka kyauta ne. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 su ma kyauta ne, amma kowace ƙwayar hoto mita 10 ce a ƙasa. Suna nuna inda daji ya ragu, ba sa nuna wace bishiya ce. Gonar itacen turare irin ta Afaka kore ce a sama kamar kurmi, amma mai neman sanya ba zai same ta da yawa a ciki ba. Kuma a gwada hoton Nuwamba da na Nuwamba. Wanda ya gwada Agusta da Fabrairu zai ba da rahoton ƙarewar dajin da ganye kawai ya zubar.

Akwai manhajoji irin su MaxEnt da ke hasashen inda tsiro zai iya rayuwa bisa ruwan sama da zafi da ƙasa. Ɗalibai na son su don suna fitar da taswira mai launi. Ku yi hattara. Idan duk ɗigoginku a bakin hanyar Zariya da hanyar Kachiya kuka ɗauko su, manhajar hanya za ta koya, ba bishiya ba. Kuma kowa ya san akwai dazuzzukan da rashin tsaro ya hana shiga, musamman ta yamma. Kada a tura ɗalibi can saboda ɗigo. A shafa wa wurin launi na daban, a rubuta ba a je ba. Inda aka duba ba a samu ba daban, inda ba a duba ba daban. Haɗa su wuri ɗaya ƙarya ce.

Saura tambayar da ke cikin take: wa zai riƙe ta? Ku tuna abin da ya sami madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid. Cikin 'yan shekaru aka kwashe ta daga dazuzzukan Taraba da maƙwabta zuwa Sin, har aka sa ta a jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashe kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, daga farkon 2017. A taron 2022 a Panama aka ƙara kawo da maɗaci. Amma wannan yarjejeniya cinikin ƙetare take sa wa ido, ba ta tsare bishiya a dajin Kajuru. Taswira mai lambobi biyar bayan ɗigo, wadda ta nuna inda manyan madobiya suke, jagora ce ga mai injin yanka. Don haka a yi ta hawa uku. Cikakkiya tana hannun mutanen garin da ofishin gandun daji da aka yi yarjejeniya da shi a rubuce. Ta masu bincike a rage ta zuwa lamba biyu bayan ɗigo, kusan kilomita ɗaya. Wadda za a buga ko a sa a intanet lamba ɗaya, kusan kilomita 11. A lura da hotuna ma, don hoton waya da aka tura a matsayin fayil yana tafiya da lambobin wurin a cikinsa. Sirrin haɗin magani kuwa ba ya cikin fom. Ana tambayar wane sashe ake ɗiba, ba a tambayar da me ake haɗawa. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ilimin gargajiya ba a ɗaukarsa sai da yardar masu shi da kuma rabon amfani.

Idan taswira ta kammala, hukunci take haifarwa. Inda maki 3 da 4 suka yi yawa, a ba wurin hutu, a karkata ɗiba zuwa wani ɓangare. Inda akwai manya masu lafiya, a shafa musu fenti a matsayin uwayen iri, ba fere ba sassabe. A tara iri daga uwaye 20 zuwa 30 da ke nesa da juna, ba daga guda ɗaya mai sauƙin hawa ba. Irin maɗaci da na kaɗanya ba sa jure ajiya, a shuka su da wuri. Na ƙirya ɓawonsa tauri gare shi, sai an kankare ko an jiƙa a ruwan zafi. Inda 'ya'ya ke mutuwa saboda gobara, a share hanyar wuta tun ciyawa ba ta gama bushewa ba. Bayan shekara biyu a koma filayen nan dai, a watan nan dai, a sake awo. Kada a kafa ƙarfe a matsayin alama, 'yan jari-bola za su riga ku komawa. A binne dutse a kusurwa, a shafa fenti a bishiya mafi kusa, a rubuta tazarar.

Wani dattijo daga cikin masu magani ya tambaya: Malam, idan hukuma ta ga wannan taswira, ba hana mu shiga dajin za a yi ba?

Baba, Allah ya ƙara girma. Tsoron nan yana da tushe, shi ya sa na ce a yi rubutacciyar yarjejeniya kafin a ɗauki ɗigo na farko. A sa a ciki cewa kwafin cikakkiyar taswira yana wurinku, cewa ku ne za ku zauna a yanke inda za a huta da inda za a ɗiba, kuma duk wurin da kuka ce kada a sa, ba za a sa ba. Sannan rubutun nan da ya raba fere da gawayi da katako, shi ne shaidarku ranar da aka zo neman mai laifi.

Wata ɗaliba ta tambaya yadda za a yi a inda babu sabis.

Ƙanwata, GPS ba ya buƙatar sabis, daga tauraro yake karɓa kai tsaye. Ki sauke fom da taswirar yankin tun kina gari, ki sa wayar a yanayin jirgin sama don batir ya daɗe, ki tafi da abin caji na hannu. Kuma kowace lamba ki kwafe ta a littafi da fensir, don biro yana zuba idan ruwa ya taɓa takarda. Da yamma, kafin ki kwanta, ki gwada na littafi da na waya ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da aka kama a ranar ana iya komawa a gyara shi da safe.